Yadda Ake Gane Asali da Shekarun Tsohon Injin Hot Rod Mai Bulowa

Injin hot rod ba shi da ranar haihuwa guda ɗaya. Duk wanda ya ce maka "wannan na 1948 ne" ya yi shiru, to bai gama magana ba. Tun shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya a Amurka ke sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su sauke musu duk wani abu mai nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su nufi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Irin waɗannan motoci ake kira hot rod. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta bunƙasa, ƙananan shaguna suka cika Los Angeles suna ƙera kayan ƙarin gudu. Injin da ya fito daga wannan al'ada haɗe-haɗe ne: bulok daga wata mota, tof silinda daga wani shago, bulowa daga injin dizal, kafireto daga wurin 'yan gwangwan. Sannan ya yi ta sauya hannu, kowa da abin da zai cire da abin da zai ƙara.

Don haka tambayoyi uku za ka riƙe. Ina aka zuba bulok ɗin, kuma yaushe? Wa ya ƙera bulowar da sauran kayan da ke kai? Yaushe aka haɗa su wuri ɗaya suka zama wannan injin? Ta ukun ita ce mai tsada, kuma a kanta aka fi shirga ƙarya.

Ita bulowa famfon iska ce da injin ke juyawa da bel, ko kai tsaye daga karanshaf, tana cusa iska da fetur cikin silinda fiye da abin da za su iya zuƙa da kansu. Aikin zugazugi take yi a maƙera.

Kafin ka taɓa komai, ka san darajar shaidu. Lambar zubi, wadda ta fito tudu-tudu a jikin ƙarfe tun ranar da aka zuba shi, ita ce ta fi wuyar sauyawa. Lambar bugu, wadda aka buga da tambarin ƙarfe da guduma, tana biye da ita, don ana iya aske ta a buga wata. Abin da aka ɗaure da noti kuwa, kowa na iya kwance shi da sufana a yini ɗaya. Labarin mai sayarwa shi ne na ƙarshe.

Mataki na 1: Share a hankali, ka ɗauki hoto

Ka tanadi tocila, ƙaramin madubi, kananzir, tsohon burushin haƙori, tsumma, alli, maganaɗisu, ma'aunin kalifa, waya mai kyamara, da littafi da biro. Ɗauki hoton injin ta kowane gefe yadda ka same shi, da dattinsa. Kada ka tayar da shi idan ya daɗe a ajiye.

Kada sanfefa ko garanda su kusanci wurin da lamba take. Jiƙa da kananzir, ka goga da burushi, ka share. Idan lambar ta dushe, shafa alli a kai ka goge da yatsa, farin zai zauna cikin ramin. Haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, inuwa ce ke fito da rubutun. Ka kwafi kowace lamba yadda ka gan ta, har da tazarar da ke tsakanin haruffa, ka kuma rubuta a wane gefen ka gan ta. Motocin Amurka sitiyarinsu a hagu yake kamar namu, don haka duk inda na ce gefen direba, hagu ke nan idan kana zaune a ciki.

Mataki na 2: Gane dangin injin daga nesa

Wannan ba ya cin lokaci. Idan tof ɗin shafal yake, babu murfin bawul sam, fulogi a tsaye a kansa, kuma ramukan hayaƙi uku ne a kowane gefe alhali silinda huɗu ne, to Flathead ne na Ford, wanda aka yi a Amurka daga 1932 zuwa 1953. Idan murfin bawul faffaɗa ne ƙwarai, wayoyin fulogi suna shiga ta tsakiyarsa, Hemi ne na kamfanin Chrysler. Na farkon, na 1951 zuwa 1958, distirbutarsa a baya take. Idan ka gan ta a gaba, 426 ne (lambar girman injin ce a kubik inci), wanda bai fito ba sai 1964. Idan murafen sirara ne a tsaye kyam suna kallon sama, Nailhead ne na Buick, daga 1953. Ƙaramin inji mai distirbuta a baya, mai ramukan hayaƙi biyu na tsakiya manne da juna, yawanci ƙaramin V8 ne na Chevrolet, wato mai silinda takwas a jeri biyu kamar harafin V, daga 1955. Oldsmobile da Cadillac su ma sun fito da nasu V8 mai bawul a sama a 1949, kuma an sa su cikin hot rod sosai.

Akwai tarko ɗaya. Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa Yura sun ƙera tof mai suna Ardun a ƙarshen shekarun 1940, wanda ake ɗora wa Flathead sai ya yi kama da Hemi. Ka duba bulok ɗin da ke ƙasa, kada murfi ya ruɗe ka. Na asali kaɗan ne, kuma an yi ta ƙera sababbi tun shekarun 1990.

Mataki na 3: Karanta bulok

A nan aikin yake.

*Idan Flathead ne.* Fara da ƙirga notin da ke riƙe tof ɗaya. Idan 21 ne, injin na 1932 zuwa farkon 1938 ne, mai kubik inci 221, wato lita 3.6. Idan 24 ne, daga 1938 zuwa 1953. Idan 17 ne, ƙaramin nan ne da ake kira V8-60, mai kubik inci 136, na 1937 zuwa 1940, wanda ƙananan motocin tsere suka fi so. A cikin masu 21, duba famfunan ruwa: a kan tof suke daga 1932 zuwa 1936, a 1937 aka mayar da su jikin bulok.

Masu 24 su ne aka fi ɗora wa bulowa, kuma kashi biyu ne. Zagaya bayan injin, inda giyabos ke haɗuwa da shi. Idan rabin gidan kuloci tare aka zuba shi da bulok, ƙarfe ɗaya ne ba a kwancewa, to idan ɗan Amurka ne bai wuce 1948 ba. A saman wannan gidan ka nemi lamba 59 a tudu. Idan tana nan, dangin 59A ne, na 1946 zuwa 1948, mai kubik inci 239. Idan kuwa gidan kulocin da noti aka ɗaure shi, 8BA ne na 1949 zuwa 1953, ko ɗan'uwansa 8RT na manyan motoci da ya fara a 1948, ko 8CM na Mercury, wata motar kamfanin Ford. Tsofaffin distirbutarsu a fuskar injin take, manne da kamshaf, bututun ruwa kuma daga tsakiyar tof yake fita. Na 8BA distirbutar ta koma gefen dama a gaba tana tsaye a karkace, ruwa kuma ta gaban tof yake fita. Amma kada ka dogara da waɗannan su kaɗai. Mutane da yawa sun toshe ramukan ruwa sun ɗora tsohon tof da tsohuwar distirbuta a kan 8BA don ya yi kama da na da. Gidan kuloci ne ba ya ƙarya.

Kada ka ɓata lokaci kana neman lambar mota a jikin bulok ɗin Flathead na kafin 1949. Ford a saman giyabos da kan shasi yake buga ta. Idan giyabos ɗin asali na nan, lamba mai farawa da 18 ta V8 mai 221 ce, amma giyabos abin kwancewa ne, shaidarsa ta kansa ce kawai. Na 1949 zuwa 1953 da yawa suna ɗauke da ranar haɗi a buge, a can baya gefen dama, kan fuskar da manifol ke zama: harafi, lamba, harafi. Haruffan suna tsaye ne a madadin lambobi: M sifiri, G 1, B 2, L 3, A 4, C 5, K 6, H 7, T 8, R 9, S 10, E 11, F 12. Na farko wata ne, lambar tsakiya rana, na ƙarshe ƙarshen shekara. G 20 B ke nan 20 ga Janairu, 1952.

Sai batun asali, don ba duk Flathead ne ɗan Amurka ba. An yi shi a Kanada, kuma lambobinsa da C suke farawa, kamar C59A. An yi shi a Dagenham ta Ingila, inda aka ci gaba da mai noti 21 har bayan yaƙi, don haka noti 21 a injin Ingila ba ya nufin kafin 1938. An yi shi a Kolon ta Jamus. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne na Faransa. Kamfanin Simca ya karɓi masana'antar Ford ta Poissy a 1954, aka kuma ci gaba da ƙera injin don manyan motocin sojan Faransa shekaru da yawa bayan Amurka ta daina. A shekarun 1990 aka kwashi ragowar zuwa Amurka, wasu ko tayar da su ba a taɓa yi ba. Bulok ɗin Faransa bayansa irin na 59A ne, gabansa irin na 8BA, kuma yana da wani ƙullutun ƙarfe a baya inda ake ɗaura abin ƙayyade gudu, sai dai wasu kan yanke shi. Ƙarfe ne mai kyau, ni ba na raina shi. Amma injin da aka gina a kansa a Amurka ba zai zama ginin 1950 ba.

*Idan Chevrolet ne.* Wannan ya fi kowa sauƙi, don wurare uku yake magana. Lambar zubi tana can baya gefen direba, kan ɗan dakalin da gidan kuloci ke ɗaurewa. Ranar zubi galibi tana kan dakalin ɗaya gefen: harafi na wata, daga A Janairu zuwa L Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Matsalar ita ce 7 na iya zama 1957 ko 1967 ko 1977. Lambar zubin ce ke raba gardama, don kowace tana da shekarun da aka yi amfani da ita. Misali 3970010, wadda ta fi kowace yawa, ta 1969 ce zuwa ƙarshen shekarun 1970.

Wuri na uku ɗan fili ne da aka aske a gaba, gefen fasinja, daf da gaban tof. Nan aka buga lambar masana'anta. F, ko V daga 1967, Flint ce a jihar Michigan. T Tonawanda ce a jihar New York. K McKinnon ce a Kanada. Sai wata da rana, sai haruffan da ke faɗin wace mota aka nufa da shi da ƙarfinsa, waɗanda suka zama uku daga 1970. Daga 1968 ana ƙara ɓangaren lambar motar kanta. Idan ka ga CE, injin canji ne da kamfani ya bayar. Idan ka ga an zuba Hecho en Mexico a jiki, a Meziko aka yi shi, kuma sabo ne idan aka kwatanta da zamanin da ake magana.

Tsaya ka kalli wannan filin da kyau. Na asali yana da wasu siraran layuka miƙaƙƙu masu tafiya daga gaba zuwa baya, sawun injin da ya aske shi a masana'anta. Idan ka ga sawun a zagaye yake kamar an ja da tsintsiya, an sake aske fuskar bulok daga baya, kuma duk lambar da ke kai sabon bugu ce. Ba kullum don zamba ba, injin bulowa yakan buƙaci askin. Sai dai lambar ta daina zama shaida. Kuma dole ranar zubi ta riga ranar bugu, yawanci da 'yan kwanaki ko makonni. Idan ta zo bayanta, wani ya yi wasa da guduma.

Ko lambobi sun ɓace, jikin yana faɗa. Na 1955 ba shi da mazaunin filtar baƙin mai. Na 1955 zuwa 1957 ba su da ramukan ɗaurin inji a gefe. Har zuwa 1967 akwai ramin numfashi a baya kusa da distirbuta. Sandar auna baƙin mai gefen direba take har 1979, daga 1980 ta koma gefen fasinja. Murfin bawul mai noti ta tsakiya na 1987 ne zuwa sama.

*Idan Hemi ne.* Lambar tana a buge a saman bulok ta gaba, gaban murfin da ke rufe kwarin tsakiya, kuma bulowa da fulinta kan ɓoye ta, sai da madubi. C51 zuwa C53 331 ne na farkon shekarun. NE55 331 ne na 1955, NE56 354 ne, NE57 kuma 392 ne, wanda shi ne ya mallaki filin tseren gajeren zango shekaru da dama. Na 1951 zuwa 1953 yana da dogon gidan kuloci da aka zuba tare da bulok. DeSoto da Dodge suna da nasu ƙananan Hemi, kuma kayansu ba sa shiga na Chrysler. Akwai kuma waɗanda aka yi don famfunan ban ruwa da jiragen ruwa, ba su taɓa zama cikin mota ba. Ɗora maganaɗisu: idan bai kama bulok ba, alminiyam ne, irin Donovan 417 da ya fito a 1971.

Mataki na 4: Gane bulowar da abin da ke juya ta

Iri uku za ka fi haɗuwa da su.

Mai siffar akwati mai haƙarƙari, zaune a saman inji, da rotoci biyu a ciki, galibi ta GMC ce, wato ta kamfanin General Motors (GM). Duk bakaniken da ya taɓa kwance janareto ko babbar mota mai injin Detroit Diesel ya san ta. General Motors ya fito da wannan dangin dizal a 1938, kowace silinda kubik inci 71, don haka 4-71 bulowar inji mai silinda huɗu ce, 6-71 ta mai shida. A can aikinta kore hayaƙi ne kawai daga silinda. Barney Navarro na cikin waɗanda suka fara ɗora 3-71 a kan Flathead a ƙarshen shekarun 1940. Akwatin GM na asali yana da kunnuwan ɗauri irin na dizal, ko tabon inda aka yanke su, rotocinsa kuma masu leɓe uku ne a murɗe. Wanda kamfanoni irin su Weiand da BDS da Littlefield suka zuba daga baya yakan ɗauki sunansu, kuma ba shi da wannan tabon. Ƙananan nan masu lamba 142 ko 144 ko 177 kayan shekarun 1980 ne zuwa sama.

An yi shekara fiye da hamsin ana ƙera wannan dangin, don haka akwatin shi kaɗai ba ya faɗin lokacin gini. Abin da ke juya shi ne ke faɗa. Na farko da jerin fambel suke, uku ko huɗu ko fiye, wasu da sarƙa. Tsarin Potvin kwantar da bulowar yake yi a gaban inji, karanshaf na juya ta kai tsaye, da bututu biyu masu komawa manifol, kuma salon shekarun 1950 ne. Bel mai haƙora ya shigo a ƙarshen shekarun 1950 ya kore sauran. Auna haƙoran: masu kusurwa, tazarar rabin inci, su ne tsohon yayi. Masu zagayayyen baki, tazarar milimita 8 ko 14, sun zo daga baya da nisa. Duba kuma sunan da ke kan hancin bulowar da manifol, ko Cragar ne, ko Weiand, ko Iskenderian.

A dangin masu rotoci akwai baƙuwa daga Turin ta Italiya, S.Co.T., wadda a da ake kira Italmeccanica, ta farkon shekarun 1950. Ita ma yanzu ana ƙera sababbi masu kama da ita sak. Kama da wane dai ba wane ba ce.

Iri na biyu mai siffar dodon koɗi ce, fanka ɗaya a ciki mai gudun tsiya. McCulloch ta farko, wadda Robert McCulloch ya yi a Milwaukee daga 1937 zuwa wajajen 1940, a kwance take a saman Flathead, kafireto a kanta. VS57 ta fito a 1953, tana gefe, tana hura iska ta bututu. Kamfanonin Kaiser da Studebaker sun sa ta a motocinsu, Ford kuma ya sa VR57 a 1957, don haka da yawa daga cikin waɗanda ke kan hot rod daga irin waɗannan motoci aka ciro su. 'Yan'uwan Granatelli sun sayi Paxton, sashen bulowa na kamfanin McCulloch, a 1958, daga nan aka shiga jerin SN. Akwai ɗan allon ƙarfe a jiki mai ɗauke da samfuri da lamba. Kada ka goge shi da wani abu mai kaushi.

Iri na uku doguwa ce kamar gora, kafiretoci a gefenta. Latham ce daga Florida, ta 1956 zuwa 1965, 'yan ɗaruruwa kawai aka yi.

Idan akwatin ko murafensa sun yi duhu-duhu kamar toka kuma ba su da nauyi, kankare ɗan wuri a ɓoye ka ɗiga ruwan khal. Idan ya yi kumfa, magniziyam ne, kayan filin tsere. Alminiyam ba ya motsi. Share wurin nan take.

Mataki na 5: Nemo ƙaramin cikinsu

Gini ba ya girme wa ƙaramin kayan da ya dogara a kai. Amma ka raba kaya biyu. Bel, tiyo, fulogi, wayoyi, har da altaneta, abubuwa ne da ake canzawa a gyaran yau da kullum, ganin sabo ba ya rushe tarihin inji. Manifol, abin juya bulowa, fistin, kamshaf da tof su ne ƙashin ginin.

Kafireto Stromberg 97 Ford ya sa ta daga 1936 zuwa farkon 1938, Holley 94 ta gaje ta. Yau ana ƙera sabuwar 97 a Ingila, don haka ka duba tsufan ƙarfen da lalacewar sandar totur. Holley mai baki huɗu, samfurin 4150, da Carter AFB duk na 1957 ne zuwa sama. A bangon cok na Holley akwai lambar samfuri da ta rana. Idan lambobi huɗu ne, ukun farko ranar shekara ce, ta ƙarshe shekara. Dainamo ya riga altaneta, wadda ba ta zama gama-gari ba sai shekarun 1960. Chevrolet ya koma lantarki mai bolt 12 a 1955, Ford a 1956. Kayan da aka sassaƙo daga dunƙulen alminiyam, masu kaifin gefe da ƙyalli, yayin ƙarshen shekarun 1970 ne zuwa gaba.

Ga dabaru biyu da mutane ke tsallakewa. Duk allo ko sitika mai adireshin kamfani, duba ko akwai lambar gidan waya mai lambobi biyar bayan sunan jiha. Amurka ba ta fara wannan tsarin ba sai Yulin 1963, don haka abin bai girme wa wannan ranar ba. Na biyu, lambar haƙƙin ƙirƙira da ake zubawa a jikin kaya. Ta kai miliyan biyu a 1935, miliyan biyu da rabi a 1950, miliyan uku a 1961, miliyan huɗu a 1976. Abu ba zai riga lambar da ke jikinsa ba.

Tof da manifol na alminiyam masu sunan Edelbrock, Offenhauser, Navarro, Eddie Meyer ko Sharp su ne suka fi wuyar sha'ani, don da yawansu har yau ana zuba su da tsohon suna. Juya su ka kalli ciki. Tsoho yana da cin ruwa a hanyoyin ruwa, zaren fulogi da aka gyara, wurin zaman noti da ya lotsa saboda ɗauri da kwancewa. Jabun da aka kwaikwaya daga jikin na asali yakan ɗan ƙanƙanta, don alminiyam na tsukewa da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari idan ya huce, haruffansa kuma sukan yi dishi-dishi.

Mataki na 6: Buɗe ciki, idan mai shi ya yarda

Cire tof ɗaya da kaskon baƙin mai. A Hemi kana iya auna tafiyar fistin ta ramin fulogi da siririn ƙarfe, tunda a tsakiya yake. A Flathead ba ya yiwuwa, fulogin a kan bawul yake.

Auna faɗin silinda da tafiyar fistin. Flathead 221 faɗinsa inci 3 da 1/16, 239 kuma 3 da 3/16. Tafiyar Ford inci 3 da 3/4 ce. Idan ka sami inci 4, galibi karanshaf ɗin Mercury ne na 1949 zuwa 1953, wanda kowa ke farauta a wancan lokaci, kuma idan shi ne, shi kaɗai ya isa ya ce ginin bai riga shekarar motar 1949 ba. A Chevrolet, 265 faɗinsa 3.75, 283 kuma 3.875, dukansu tafiya inci 3. 327 na 1962 da 350 na 1967 faɗinsu inci 4, tafiya 3.25 da 3.48. Ka tuna ana yin borin, 283 da aka faɗaɗa zuwa inci 4 abu ne sananne.

A Flathead, duba tsakanin bawul da silinda ko an ƙwaƙule hanya da hannu don iska ta wuce. Aikin hannu na da ba ya zama iri ɗaya a duk silinda takwas. A nan kuma tsagewa ta fi fitowa, sai ka duba tun kana wurin. Gindin kamshaf yakan ɗauki bugun wanda ya niƙa shi, Winfield ko Iskenderian ko wani, da lambar niƙan.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: don bulowa aka gina shi, ko daga baya aka ɗora ta don ado? Injin da aka gina don bulowa fistinsa mai kwarmi ne ko shafal don rage matsi, sau da yawa akwai zoben waya da aka binne zagaye da bakin silinda, hancin karanshaf yakan sami gurbin makulli na biyu, manifol kuma yana da bawul ɗin tsira mai sifirin don ranar da wuta ta koma baya. Fistin mai tudu a ƙarƙashin 6-71 yana nufin ba tare suka taso ba.

Mataki na 7: Gwada labari da takarda, sannan ka rubuta

Sai yanzu ka saurari mai shi. Tambayi rasit, tsofaffin hotuna, sunan wanda ya gina. Ƙungiyar SCTA mai auna gudun motoci a busassun tafkunan Kalifoniya, wadda aka kafa a 1937, takan ba da ɗan allon tagulla mai suna da rana da gudun da mota ta yi, amma allon shaidar mota ce a wannan ranar, ba ta injin da ke gabanka ba. Mujallar Hot Rod tun Janairun 1948 take fitowa, kuma tallace-tallacen cikinta hanya ce mai kyau ta sanin shekarar da wani kaya ya fara shiga kasuwa. A hoto, kada ka nemi kamanni, nemi tabo: waldar da aka yi a karkace, ramin da aka huda ba daidai ba, haƙarƙarin tof da ya karye. Masu Flathead suna da ƙungiyar Early Ford V-8 Club of America, akwai kuma gidan tarihin NHRA, ƙungiyar tseren gajeren zango, a Pomona ta Kalifoniya da Museum of American Speed a Lincoln ta jihar Nebraska, inda ake ajiye irin waɗannan injuna a gani a kwatanta.

A ce an kawo maka ƙaramin Chevrolet mai 6-71, aka ce ginin 1962 ne. Lambar zubi 3970010, ranar zubi C 14 4, bugun gaba V0319 da haruffa uku, layukan filin miƙaƙƙu. Bulok ɗin ke nan an zuba shi 14 ga Maris, 1974, aka haɗa shi a Flint kwana biyar bayan nan. Akwatin bulowar na GM ne mai tabon kunnuwa, yana iya girme wa bulok ɗin. Bel ɗin haƙoransa milimita 8. Tof ɗin na shekarun 1960 ne. Mai yiwuwa an taɓa yin wani inji a 1962 wanda wasu kayansa suka tsira, bulok ya fashe aka canza, abin da ke faruwa kullum da injin bulowa. Amma wannan da ke gabanka bai riga 1974 ba, tsarin juya bulowarsa kuma ya fi haka ƙuruciya.

Rubuta sakamakon kashi uku a takarda ɗaya: abin da ka gani da idonka tare da hotonsa, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, da abin da kake zato. Kowane babban kaya ka ba shi layinsa da shekarun da zai iya faɗawa ciki. Duk abin da ka kwance, ko fasasshe ne, ɗaura masa takarda mai faɗin inda ya fito, ka ajiye shi cikin kwali ɗaya tare da kwafin takardar.